Bishiyar Farasitamol da Garin Katakon da Muke Ƙonawa a Kumasi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikatan jarida, Allah ya ƙara basira.

Rahoton da kuka buga kan bishiyoyin da Turawa ke sauya wa ƙwayoyin halitta don su riƙa samar da sinadaran masana'antu shi ya sa na ɗauki alƙalami. Marubucin ya yi ƙoƙari, amma ya rufe da cewa nan gaba kaɗan Afirka za ta huta da sayen sinadarai daga waje, tunda muna da ƙasa da rana da ruwan sama. A nan muka rabu da shi. Ni mai sayar da katako ne a Kumasi, a Aboabo nake zaune, kuma tun ina saurayi nake cikin ƙurar zarto. Na fara da ɗaukar falanki a ka a Anloga, na yi aikin tantance katako a wani injin yanka da yanzu ya rufe, sannan na buɗe rumfata bayan an tashi mutanen Anloga an mai da su Sokoban saboda aikin hanya. Ƙasa da rana da ruwa muna da su tun kafin a haifi kakana, gumagumai sun yi ta fita ta Takoradi har daji ya kusa ƙarewa, amma ba mu huta da sayen komai ba. Ko sinadarin gam ɗin da ake manne filawud da shi, a jirgi yake zuwa.

Bari in fara da abin da masanan suka yi, kada a ce tsoho ya ƙi abin da bai gane ba. 'Yar ƙanena tana karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar KNUST, ita ta zauna ta warware mini. Kusan rabin itace zare ne da ake kira selulos, da shi ake yin takarda. Sai wani sinadari mai suna liginin, wanda ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, shi ke ɗaure zaren ya ba itace tauri, ya sa bishiya ta tsaya ƙyam iska ba ta kwantar da ita ba. Masu yin takarda liginin ne ciwon kansu. Sai sun dafa gutsattsarin itace da soda mai ƙarfi a zafi mai tsanani kafin ya saki zaren, kuma yawancin abin da ya fito ƙona shi suke yi ya ba masana'anta wuta. Abin da ke ba masana takaici shi ne, wannan liginin da ake ƙonawa cike yake da dangin sinadaran da ake samu daga ɗanyen mai da kwal, waɗanda daga su ake haɗa fenti, gam, roba, turare da magunguna da yawa. Dukiyar na ciki, fitar da ita a tsabtace ne aiki.

Yawancin gwajin a kan wata bishiyar ƙasashen sanyi ake yinsa, fofla. Tana da saurin girma, ita ce bishiya ta farko da aka karance jerin ƙwayoyin halittarta kaf, a 2006, kuma da yankan reshe ake dasa ta kamar yadda muke dasa rogo. In an gyara guda ɗaya, ana iya fitar da dubbai iri ɗaya sak daga jikinta. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

A 2013 masana a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Norman Lewis, suka sa wa fofla ƙwayoyin gado daga wasu tsirrai, ta fara tara sinadarin da ke ba furen wardi ƙamshinsa. Masu sayar da turare a Alabar da Kejetia sun san ƙamshin, ko da yake mafi yawan wanda ake zubawa a turare da sabulu a duniya daga sinadaran mai aka haɗo shi, bai taɓa ganin fure ba. A 2014 ayarin Farfesa John Ralph na Jami'ar Wisconsin, da abokan aikinsu na Michigan da Kanada, suka ɗauko ƙwayar gado daga wani tsiron magani na ƙasar Sin suka sa wa fofla, sai ta riƙa gina liginin mai gaɓoɓi masu saurin kwancewa da ɗan zafi da soda kaɗan. A gona tana tsaye lafiya, in ta shiga tukunya ba ta gardama. Su ne dai a 2019 suka karɓi takardar mallakar wata hanya ta yin farasitamol daga wani sinadari da ke manne a jikin liginin ɗin fofla. Farasitamol ɗin nan da muke aiken yaro ya sayo a shagon magani in kai ya sara, wanda har yau daga sinadaran mai da kwal ake yinsa. A 2023 kuma masanan Jami'ar Jihar North Carolina suka yi amfani da fasahar CRISPR, mai kashe wasu ƙwayoyin gadon bishiyar na kanta, suka fitar da fofla da liginin ɗinta ya ragu, a wasu har kusan rabi. Sai dai a rumfar gilashi aka raine su wata 6 aka auna, ba su sha iska da damina a fili ba. Akwai kuma masu neman bishiyar ta yi sinadarin haɗa roba mai ruɓewa, kuma wanda ya ga yadda leda ke toshe kwatamin Aboabo bayan ruwan sama ba zai raina wannan ba.

Cewa bishiya na yin sinadari ba labari ba ne ga mai aikin zarto. Ka rufe mini ido ka shigar da ni injin yanka, hancina zai gaya maka abin da ke kan benci. Sidirela tana da ƙamshi mai ɗaci-ɗaci da ke maƙalewa a maƙogwaro. Tik yana da maiƙo, in ka shafa sabon yanka sai ka ji yatsunka sun yi santsi. Ƙurar odum kuwa atishawa da ƙaiƙayi take sawa, akwai yaran da suka bar aiki don ƙirjinsu ba ya ɗaukarta, kuma abin da ke damun ƙirjin yaro yana cikin abin da ke hana gara cin ƙofar odum shekara da shekaru, alhali itacen da ake kira wawa, fari mai taushi, in ka bar shi a ƙasa damina ɗaya ya zama abincinta. Saboda haka da na ji an rage wa bishiya liginin, tambayar da ta fara zo mini ita ce, to me aka rage mata na kariya? Ashe an gwada. A Beljiyam da Faransa an shuka fofla mai ragaggen liginin a fili, na Beljiyam a 2009 kusa da birnin Ghent. Da aka sare, itacen ya fito da jan launi dabbare-dabbare, ya kuma ba da sukari fiye da na gama-gari, amma bishiyoyin da gyaran ya fi kamawa sun tsumbure, ba su yi girman 'yan'uwansu ba. Abin da aka samu a tukunya an rasa wani ɓangarensa a gona. Can kuma babu irin garar da muke da ita.

A majalisarmu ta bayan la'asar an ja maganar wani gefe. Wani dattijo ya ce canza halittar Allah ne, ya kawo ayar Suratun Nisa'i. Wani ya amsa masa da hadisin barbarar dabino da ke Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ku ne mafi sanin al'amarin duniyarku, ya ƙara da cewa ai mangwaron aure duk muna sha. Hukunci na malamai ne, kuma ina ganin su zauna da masana kafin su yanke. Abin da zan ce kawai, auren mangwaro daban, ɗauko gadon wata halitta a cusa wa bishiya daban, kada a ruɗe mutane a ce abu ɗaya ne. Tawa damuwar a wani wuri take.

Ghana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muna da dokar kula da irin waɗannan halittu tun 2011, da hukumar da ke ba da izini, kuma a 2022 ta amince da waken da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar don tsutsar da ke huda kwanso ta daina cinye shi. A 2024 aka sake shi ga manoma da sunan Songotra-T. Najeriya ta riga mu tun 2019 da nata na Samaru, Zariya. An yi ta cacar baki, har kotu aka je. Amma wake wata 2 zuwa 3 ne a gona, in bai yi maka ba, baɗi ka koma wa irin kakarka. Bishiya kuwa in ka dasa ta ka ɗaure gonar. A Brazil, inda yukaliftus ke girma da sauri, sai ta yi wajen shekara 7 kafin a sare. Tik namu sai ya haura 15 ko 20 kafin ya yi katakon kirki. Tana fure shekara bayan shekara, iska da ƙudan zuma na kwasar garin furen zuwa inda ba a shuka ta ba, wasu kuma in ka sare su kututturen ya sake tohowa. Lokacin da Brazil ta amince da yukaliftus ɗin kamfanin FuturaGene a 2015, wanda kamfanin ya ce yana ƙara itace da kusan kashi 20 cikin 100, masu kiwon zuma na cikin waɗanda suka ɗaga murya, don tsoron masu sayen zumarsu a waje su juya musu baya. Ƙungiyar FSC ma, wadda tambarinta ke buɗe wa katako kasuwannin Turai, ba ta yarda da irin wannan bishiya a dajin da ta ba wa shaida.

Fofla dai ba za ta yi a nan ba. In fasahar ta iso Ghana, a jikin yukaliftus za ta zo, ko malaina, ko tik, irin waɗanda kamfanoni suka riga suka shimfiɗa gonakinsu a wajen Asante Akyem da Atebubu da Akumadan. Kuma masana'antar sinadari ba ta ƙoshi da eka biyar. Dubban hekta take so kusa da ita, iri ɗaya, mota na shiga tana fita dare da rana. To ƙasar wa?

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wajen 2007 zuwa 2010 aka zo mana da bini-da-zugu, aka ce man mota zai fito daga 'ya'yansa, aka ce yana yi a ƙasar da ba ta noma. Kamfanonin waje suka karɓi filaye masu faɗi a yankin Agogo, da Bono, da Arewa, ta hannun sarakuna, wasu da takardun shekara 50. A Arewa har kaɗanya aka ture da katafila, bishiyar da mata ke ciyar da 'ya'yansu daga gare ta. Ba a jima ba abin ya rushe, wasu suka koma noman masara, wasu suka tattara suka tafi. Wani ɗan'uwan matata yana cikin waɗanda aka tasa daga gonar doyar da ya daɗe yana nomawa a matsayin baƙo. Ba shi da takarda, ba shi da kowa a fada, ya dawo Kumasi yana tura baro a kasuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ƙasar ba ta dawo hannunsa ba ko bayan da ciyawa ta cinye bini-da-zugun.

Ga abin da na fi so masu karatu na wajen Ghana su sani, don shi ne gindin maganar. A ƙasar nan, bishiyar katako da ta fito da kanta a gonarka ba taka ba ce. Dokar 1962 ta damƙa ta a hannun shugaban ƙasa, amana ga kujerun sarauta. In odum ko mahogani ya tsiro a tsakiyar gonar kokonka, ka yi shekara 30 kana kewaye shi da adda, ranar da aka ba ɗan kwangila izini zai shigo da injinsa ya kayar, gungumen ya murƙushe koko, katafila ta ja shi ta tsakiyar gona. Kuɗin kututture a raba tsakanin Hukumar Gandun Daji da majalisar gunduma da sarakuna, manomi sai 'yar diyyar amfanin da aka ɓata, in ya samu, bayan jeka-ka-dawo. Me kake tsammani zai yi? Na gani da idona a ƙauyukan da nake zuwa sayen katako: ɗan odum bai kai gwiwa ba an sare shi, babba kuma a zagaye ɓawonsa da adda, ko a tara masa wuta a gindi ya bushe a tsaye. Manomin ya yi lissafinsa ne, kuma lissafin daidai yake. Gyaran dokar da aka yi a 2002 ya ce wadda ka dasa da hannunka taka ce, amma sai ka tabbatar kai ka dasa, kuma mutumin ƙauye nawa ne ya san ƙofar ofishin rajista? Mu 'yan Zango da 'yan Arewa da ke riƙe gonakin koko a kan abusa ko abunu, wato noman raba amfani da mai ƙasa, namu ya fi wuya. Mai ƙasa ba ya son baƙo ya dasa bishiya mai daɗewa, domin a al'ada wanda ya dasa ya fara kafa hujjar mallaka ke nan.

Yanzu ɗora bishiyar kamfani a kan wannan. Tunda da reshe ake yaɗa ta, kuma kowane reshe uwar ce sak, kamfanin da ya kashe kuɗi ya gyara ta ba zai bar ka ka yanki reshe ka ba maƙwabcinka ba. Takardar mallaka ke gare shi, kuma tun 2020 Ghana na da dokar kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri. Sannan itacen da aka rage wa liginin don tukunya ba na rufin ɗaki ba ne, ba na gado ko ƙofa ba. In ka kawo mini shi Sokoban ba zan saya ba, kafinta ma ba zai saya ba. Mai saye ɗaya ne tak, mai masana'antar, shi zai faɗi farashi, in ya rufe kuma ka zauna da gona cike da itacen da ko mai gawayi ba zai yi ɗokinsa ba. Manomin tik in kamfani ya ƙi saye yana da Indiyawa, yana da masu turakun lantarki, yana da ni. Manomin bishiyar sinadari kuwa ƙasar ba tasa ba, irin ba nasa ba, kasuwar ba tasa ba.

Ba cewa nake a rufe ƙofa ba. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da yarinyar nan ta faɗa tana cikin bayani. Ta ce, "Baba, ai sinadarin da suke yin farasitamol da shi ba fofla kaɗai ke da shi ba, kwakwar manja ma tana da shi, haka Allah ya yi ta." Na sa ta maimaita. Masanan Wisconsin da kansu sun ambaci kwakwa. Ga mu da gonakin kwakwa a Kwae da Benso da Twifo Praso, ga Juaben nan kusa da mu, ga cibiyar binciken kwakwa a Kusi, ga ƙananan wuraren matsar manja da mata ke aiki a ciki ba iyaka. Bayan an kakkaɓe 'ya'yan, sauran kan kwakwar tuli ake yi da shi, wani a mayar gona ya ruɓe, wani a cinna masa wuta. Wannan ba sai an taɓa gadon komai ba, ba sai an tashi kowa daga gonarsa ba.

Kashu ma haka. Duk wanda ya gasa ƙwallon kashu a gwangwani yana yaro ya san baƙin man da ke tsartuwa daga ɓawon, ya kama da wuta fuu, in ya taɓa fata ya sale ta. Wannan man sinadarin masana'anta ne na gaske, ana sa shi a fenti, da gam, da abin da ake liƙa wa birkin mota don ya kama. Mu kuwa daga Wenchi da Techiman da Sampa muna loda mafi yawan kashunmu ɗanye da ɓawonsa zuwa Vietnam da Indiya. Can a fasa a ci ribar ƙwaya, a matse ɓawo a ci riba ta biyu, mu kuma mu je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, mu sayi birkin da aka shigo da shi da dala.

Sai garin katako, wanda shi ne nawa. Gungume in ya shiga injin yanka a ƙasar nan, da wuya rabinsa ya fito a matsayin katakon sayarwa. Saura ɓawo ne da gefe-gefe da gari. Masu kaji na ɗiba su shimfiɗa, masu noman naman kaza na ɗibar na wawa, mata masu gawayi na kwashe gefe-gefen. Abin da ya rage tsibi ne ya fi mutum tsayi, kuma ƙona shi muke yi. Wutar garin katako ba ta ci da harshe, a ciki take ci sati da sati, sama toka ta huce, ƙasa garwashi, yaro in ya taka sai ƙafarsa ta nutse. Hayaƙin da asuba yake kwanciya a kan unguwa, a fito sallah ana tari. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsibin liginin ne, abin da ake kashe maƙudan kuɗi a Amurka ana neman yadda za a sarrafa. A Norway akwai kamfanin Borregaard a garin Sarpsborg da ya yi shekaru da dama yana fitar da sinadarin ƙamshin banila daga liginin ɗin bishiyar daji ta gama-gari, wadda ba a gyara mata komai ba.

Na san amsar da injiniya zai ba ni, kuma yana da gaskiya. Garinmu gauraye yake, wawa da odum da ofram da yashi, yau jiƙe gobe bushe, masana'anta kuwa abu iri ɗaya take so kullum. Sinadarin da ke jikin kwakwa ma kaɗan ne a cikin nauyinta, shi ya sa ake son a gyara bishiya ta ƙara. Kuma muddin ɗanyen mai na da araha, abin da aka tatso daga itace zai sha wuya a kasuwa. Duk na yarda. Amma ko an kawo mana bishiyar da ta fi kowace kyau, sai mun haɗu da matsalar tukunyar. Masana'antar na son ruwa mai tsabta da yawa, ga kogunan Offin da Pra da Birim galamse, wato haƙar zinari ta bayan fage, ta cika su da laka. Tana son wutar da ba ta ɗaukewa, tana son masu ilmin haɗa sinadarai da za su zauna a gida a biya su. In babu waɗannan, za a shuka bishiyar a nan, a niƙa ta gutsi-gutsi, a loda a jirgi a Takoradi, a dafa a can, a dawo mana da farasitamol a kwali. Haka muka yi da koko, haka da kashu, haka da madobiyar da aka kwashe daga Arewa zuwa Sin, gwamnati na sa takunkumi tana ɗagewa.

Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa, FORIG, tana Fumesua, 'yar tafiya a trotro, motar haya, daga inda nake zaune, KNUST kuma a kan hanya take. Masu ilmi suna nan. Ina so in ga an ba su kuɗin kafa 'yar ƙaramar masana'antar gwaji, a fara da ɓawon kashu tunda shi ne mafi sauƙi kuma kasuwarsa a buɗe take, sannan kan kwakwa, sannan garin katako iri ɗaya da za mu ware musu tun daga bakin zarto. Wannan kam mu masu katako za mu iya, buhu ne kawai da ɗan kulawa. In yaranmu suka iya dafa wanda ke hannu, ranar da gyararriyar bishiya ta iso za su san abin tambaya, su san ko ta cancanci ƙasar da za ta ci. Gwajinta a ƙaramin fili mai shinge a ƙarƙashin idon hukuma ban ƙi ba, har ma na fi so a yi shi a nan, a ga yadda za ta yi da gararmu da guguwar farkon damina. Majalisar dokoki kuwa aikinta ya fi gaggawa, kuma ba ya buƙatar dala: manomin da ya raini odum ya sami rabonsa a rubuce, baƙon da ya dasa da yardar mai ƙasa a san nasa. Tun 2021 ake gangamin dashen bishiyoyi kowace shekara, ana raba miliyoyin tsirrai ana ɗaukar hoto, kuma da manomi ya tabbata bishiyar tasa ce, da ba sai an roƙe shi ya ba ta ruwa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka Fumesua da ofishin hukumar ba da izini a Accra, ya tambaye su yadda za a bi da wanda ya nemi gwada irin wannan bishiya a Ghana, da harshen da za a sanar da mutanen ƙauyen da abin zai shafa. Sanarwar Turanci a jarida ba ta isa Drobonso ko Yeji. A yi ta a rediyo da Twi da Hausa da Dagbani, kafin a sa hannu a takardar fili. In wakilin ya biyo ta Kumasi, ya nemi layin masu katako a Sokoban zan zagaya da shi, amma ya zo da takalmi rufaffe.

Wassalam.

Naka,
Mai sayar da katako,
Aboabo, Kumasi.